Keken da Ba Ya Zuwa Ko'ina

A Cárdenas, idan aka ɗauke wuta,
mun daina ko yin tsaki.
Inna takan ɗago kai daga tsintar shinkafa
ta ce, "Evelio, abokinka na jira."

Baƙin keken China ne, mai taurin kan jaki,
ya girme ni da shekara huɗu.
Baba ya cire masa ƙafar gaba,
ya kafe shi a katako tsakanin murhu da taga,
ya ja bel daga bayansa
zuwa wani inji da ya zaƙulo daga cikin matacciyar motar Rigoberto,
maƙwabcinmu,
wanda har gobe cewa yake aro ya bayar.

Sai ya hau.
Sittin da bakwai a duniya, singileti, gwiwa mai ƙara kamar tsohuwar ƙofa.
Ƙwan da ke rataye ya fara ja, garwashi a toka,
can sai ya washe baki.
Batir na sha a hankali.
Fanka ta juya ta kori sauro daga kan Inna,
rediyo ya dawo da maganar da ya bari a rabi.

Mun taɓa gwada firji.
Firji ya yi tari sau ɗaya ya yi shiru,
Baba ya kwana uku yana ɗingishi.
Tun ranar ba wanda ke fita daga ɗaki ya bar fitila a kunne.
Wanda ya ga haske na ɗiga daga haɓar ubansa
ba sai an yi masa wa'azi ba.

Ni kuwa gidan burodi nake aiki.
Ƙarfe uku na dare nake fita da nawa keken,
titi baƙi ƙirin, iskar teku da gishirinta,
ramuka, kashin dawakan karusa,
da karen nan na bakin coci da bai taɓa yafe mini ba.
Sau biyu na sumbaci kwalta.

Odalys ta buɗe mini akwatinta a kan gado,
kayan da ƙanwarta ta aiko daga ƙetare.
"Ga wannan, rana ce a tafin hannu."
Na kunna, ƙadangaren bango ya daskare.
Awa ɗaya take yi ta mutu,
kafin nan ta makantar da duk mai tahowa.
Akwai mai ƙiftawa kamar gidan rawa,
akwai irin ta da, mai gogar taya tana kuka,
wadda ke ɗaukewa da zarar ka tsaya,
daidai inda ka fi bukatar a gan ka.

Na ɗauki wata 'yar ƙarama mai kunya,
mai sunkuyar da kai ta dubi ƙasa,
taku goma gabana, ba ƙari.
Na haɗa da ja ta baya,
don direban da barci ke fizga ya san da mutum.
Odalys ta taɓe baki. Kuɗin kwana tara ne.

Yanzu kowane dare, bayan an kwashe kwanuka,
Baba kan saƙala ta a jikin batir
ya ƙara minti ashirin a kan sirdi.
Ya ce ba don ni ba ne, likita ne ya ce ya motsa jini.
Yana da ɗan littafi da yake lissafi a ciki:
wai ya kai Santiago tun watan jiya,
yanzu yana hanyar dawowa,
bai ko wuce tukunyar wake ba.

Ina tafe a duhu, ɗan da'irar nan na gudu a gabana,
tana nuna mini rami kafin rami ya nuna mini kansa.
Wani lokaci har nakan ji kamar tana haki.

Da hantsi in na dawo, gari a gashina,
burodi biyu masu ɗumi a cikin riga,
yana zaune ya tsoma ƙafa a bokitin ruwan gishiri.
Ba ya tambayar aiki, ba ya tambayar kare.

"Ta kai ki?"

Na ce ta kai ni, har da saura.
Ya gutsuri burodi,
ya jawo littafinsa, ya lashi bakin fensir.